Ranar da Tambayoyin Jarrabawa Suka Yi Ƙafa

"Na ce kada ka taɓa duram ɗin cikin injin nan!"

"Yaya, ni fa ban ce zan taɓa ba. Cewa na yi zan duba lafiyarsa."

"Da ido ko da hannu?"

"To, ya danganta da abin da ciwon ya..."

"Fankar ɗakina da ka duba lafiyarta, ina take? Rediyon Baba fa? Keken ɗinkin Inna da ka ce za ka koya masa yin baya?"

"Ai ya yi bayan, Yaya. Gaba ne ya daina yi."

Yaya na tsaye a bakin shagonta na fotokofi, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki. 'Yarta ce ta haihu a wani gari, dole ta je ta kwana ɗaya. Ta duba dangi kaf, ba ta sami wanda ba shi da aikin yi ranar Laraba ba sai ƙaninta, wanda duk layin ke kira Na-Gano. Sunan ya samo asali ne daga ihun da yake yi duk lokacin da wata dabara ta faɗo masa. Ihun nan kuwa ba a taɓa jin sa an kwana lafiya ba. Shi kansa yana ɗauke da shaida a jiki: manuniyarsa ta dama a karkace take kamar ƙugiya, tun ranar da ya haɗa fanka da sarkar keke.

Yaya ta ɗaga wani ambulan ta kaɗa masa a fuska.

"Ka ga wannan? Takardar jarrabawar makarantar bayan layi ce. Kwafi ɗari uku, gobe ƙarfe takwas. Shekara tara ina yi musu aikin nan, ko sau ɗaya ban makara ba. Ka ga wancan?" Ta nuna sabon shagon da ke tsallaken titi, mai ƙofar gilashi da fitilu masu ƙyaftawa. "Mai shi sau biyu yake gaida Shugabar makaranta a rana. Ko tari ta yi sai ya tsallako ya ce sannu. Jira yake in yi tuntuɓe. Aikinka uku ne: ɗora takarda, danna koren maɓalli, kwashe. Tona, hodar tawadar injin, ta kusa ƙarewa, ga sabuwar kwalba, ka juye. Juyewa kawai. Amma duram, yatsan da ya taɓa shi, shi zan karya."

"Yaya za a yi ki san wanne ne? Goma ne fa."

"Injin zai faɗa min."

Na-Gano ya yi dariya har da dafa bango. Ta jefa masa makulli, ta tafi tana waige. Tana shan kwana ya ɗora hannu a ƙugu, ya turo baki, ya siranta murya: "Injin zai faɗa min!" Ya ɗan rusuna wa injin. "Ranka ya daɗe, in ta dawo ka gaishe ta."

Da gaskiyar Yaya, kwafi na bakwai bai fito ba sai da fitilar tona ta kama ja. Na-Gano ya ɗauko sabuwar kwalbar. Juyewa kawai aka ce. Amma mutum mai ƙwaƙwalwa irin tasa ai ba ya zuba wa inji abin da bai bincika ba. Ya buɗe murfi, ya leƙa: baƙin gari ne, laushi kamar hoda. Ya fito bakin ƙofa don ya ga haske sosai. Ya kai hanci.

Atishawar da ya yi sai da Mai Kanti ya leƙo daga tagarsa. Kwalbar ta tashi sama, ta yi juyi biyu, ta sauka baki ƙasa a tsakiyar farin yadi da Anti Tela, maƙwabciyar shagon, ta shimfiɗa kan tebur tana aunawa.

Anti Tela ba ta magana sai da allurai a baki, don haka zaginta ta gefe ɗaya yake fitowa.

"Na-Gano! Yadin mutane! Yadin mutane, ɗan banza!"

"Anti, kada ki goge! In kin goge zai..."

Ta goge. Ya kuwa yi.

Na-Gano ya tsaya yana kallon kwalbar da ba komai a ciki. Hanyoyi biyu ne a gabansa: ya kira Mai Gyara, tsohon da ke kula da injin Yaya, ya faɗi abin da ya faru, ko kuma ya tsallaka titi ya roƙi mai gilashi. Ya murza ɗan garin da ya rage tsakanin yatsunsa, ya kalle shi da raini.

"Wannan ai gawayi ne," ya ce. "Gawayi ne da ya yi karatu a ƙasar waje."

Kafin rabin awa ya kwaso gawayi wurin Mai Guga, ya daka shi da bayan guduma, ya tankaɗe da wani ƙyallen raga da ya tsinta ƙarƙashin teburin Anti Tela. Ya samo alli ya rubuta a ƙofar shago: TONA NA-GANO LAMBA ƊAYA. Mai Guga da Mai Kanti suka zo kallo, suka tsaya daga bakin ƙofa, inda gudu zai yi sauƙi.

"Ku matso," in ji Na-Gano. "Gobe in 'yan jarida sun zo, ku ce da ku aka fara."

Ya danna maɓalli. Injin ya yi tari, ya yi wani tarin, ya turo takarda. Da rubutu a kanta! Dishi-dishi dai, kamar an rubuta da toka, amma rubutu ne. Na-Gano ya miƙa wa Mai Kanti da hannu biyu.

"Karanta wa jama'a."

Mai Kanti ya kai takardar kusa da fuska, ya sauke numfashi don mamaki: "Huuu!"

Ya sake dubawa. Takarda fara tas.

"Ina tambaya ta farko?" in ji Mai Guga.

"Tana gemunsa," Anti Tela ta faɗa ta gefen baki. "Ta biyu na girarsa."

Ana cikin haka sai ga ƙarar tsohon babur. Mai Gyara ne, Yaya ta kira shi daga mota ta ce ya leƙa. Mutum ne da ke magana kamar yana zare kowace kalma daga rijiya. Na-Gano ya yi wuf ya tare ƙofa da jikinsa, ya rufe rubutun allin da bayansa.

"Lafiya... dai... ko?" in ji Mai Gyara.

"Lafiya sumul, Baba. Amma tunda ka zo, bari in gwada ka. Ni na sani, so nake in ji ko kai ka sani. Me ke riƙe rubutu a kan takarda?"

Tsohon ya kashe babur. Ba abin da yake so a duniya kamar a tambaye shi wannan.

"To... ka ga duram ɗin nan, koren silindan da ke ciki... fatarsa ta dabam ce. A duhu, tana riƙe caji. Haske na taɓa ta... sai cajin ya zube. Fitila ta haska takardarka. Inda fari ne, haske ya koma kan duram, caji ya zube. Inda rubutu yake... caji ya tsaya. Sai tona ta bi cajin ta manne. Duram ya juya... ya sauke ta kan takarda."

"Daidai. Ka ci ɗaya. Mannewar fa?"

"Tona ba gari ba ce kawai... akwai roba a cikinta. Hita ta gasa, robar ta narke... ta kama takarda. Shi ya sa take fitowa da ɗumi." Ya ɗaga yatsa. "Shi kuwa duram... ba ya son hannu. Ba ya son rana. Ko fitilar ɗaki, minti biyu ya yi yawa. In za a cire shi... a baƙin ƙyalle ake naɗewa."

"Ka ci jarrabawa, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

Mai Gyara ya shinshina iska, ya kalli gemun Mai Kanti, ya buɗe baki. Amma kafin kalmar farko ta iso daga rijiya, Na-Gano ya riga ya taka masa babur ya tura shi titi.

Ya dawo ya tsaya tsakiyar shago, idonsa a rufe. Abu mai narkewa in ya ji wuta, ya manne. Da kuma duram da aka shagwaɓa a duhu tun haihuwarsa, shi ya sa rubutunsa ba ƙarfi. Ya buɗe ido.

"NA GANO!"

Anti Tela ta tattare yadukanta ta cusa a ƙarƙashin tebur. Mai Guga ya yayyafa wa garwashinsa ruwa. Wata mata da ke tahowa da yaro a baya ta juya ta canza hanya.

Rana na tsaka Na-Gano ya fito tsakiyar layi, ya ɗaga duram sama da hannunsa na dama, ya damƙe shi da yatsu biyar, gumi na bin su. Koren silindan na ƙyalli kamar kwalba.

"Me kake yi kuma?" in ji Anti Tela.

"Horo, Anti. Duk abin da ke tsoron rana, rana ce maganinsa. Kamfanonin nan da gangan suke rainonsa a duhu, ya tashi rago, don mu riƙa sayen sabo."

"Ba tsohon nan ya ce minti biyu ya yi yawa ba?"

"Shi ya sa har yau bai wuce tsohon babur ba."

"Yayarka fa ta ce yatsa."

"Yaya na gari na uku daga nan. Kin ga ta bar ido a rufin shago?"

Sai da ya ƙirga ɗari biyar ya sauke hannu. Daga nan ya wuce kanti ya kwaso sukari, ya daka shi da sauran gawayin, biyu bisa ɗaya, ya tankaɗe, ya ɗura wa inji har wuya. Ya goge ƊAYA a ƙofa ya rubuta BIYU.

Wannan karon layin ya cika, don labarin gemun Mai Kanti ya zaga. Na-Gano ya danna maɓalli. Injin ya yi gurnani. Wani ƙamshi ya tashi, mai daɗi, irin na alewar da ta fara kamawa a tukunya. Takarda ta fito da zafi, rubutu baƙi wuluk, yana sheƙi, har ya ɗan taso.

"Hura!" ya ce da Mai Kanti.

Mai Kanti ya hura. Rubutu na nan. Mai Guga ya hura. Wani direba da ya tsaya kallo ya hura har hularsa ta faɗi. Ko wasali bai motsa ba. Aka yi tafi. Na-Gano ya hau kan benci.

"Jama'a, shekara da shekaru masana na can suna ƙona ƙwaƙwalwa, suna cika takardu, suna rajistar ƙirƙira a kan wannan baƙin garin. Ni da guduma na gama shi kafin la'asar. Ba na alfahari. Amma in za a buga hotona, a ɗauka ta hagu."

Anti Tela ta karɓi takardar, ta miƙar da hannu tana ƙare mata kallo. Takardar ta yi duhu-duhu kamar hadari, sai dai a jikinta akwai wani shati fari: yatsu biyar, sau uku daga sama zuwa ƙasa, duk inda duram ya yi juyi ɗaya.

"Wannan hannun fa?"

Na-Gano ya duba. Sai ya gyara tsayuwa.

"Hatimin kamfani ne. Don kada na tsallaken titi ya kwaikwaya."

Haka ya yi ta dannawa. Wajen kwafi na ɗari injin ya fara hayaƙi ta gefe, ya ce zufa ce. Wajen na ɗari biyu ƙudaje suka fara kawo ziyara, ya ce su ma sun ji labari. Na ɗari uku na fita injin ya yi wani kuka irin na akuyar da aka taka, fitilunsa duka suka mutu.

"Hutawa yake," in ji Na-Gano. "Ya yi aikin maza."

Ya jera takardun da zafinsu a kwali, ya aro dutsen guga mafi nauyi ya danne su don su miƙe. Ya ɗora ainihin takardar makaranta a sama, ya tura kwalin jikin bango, daidai wata 'yar tsaga da ke ƙasa, ya kulle shago ya tafi yana fito.

Washegari ya zo da kwat ɗin da ya fi shi faɗin kafaɗa. Ya ɗora kwali a ka da kansa. Anti Tela ta rufe shagonta ta biyo shi, ta ce ko za ta yi asarar wuni ba za a ba ta labari ba. Mai Guga da Mai Kanti na baya.

A babban ɗakin jarrabawa yara ɗari uku na zaune, kowa da biro. Shugabar makaranta na tsaye tana duba agogo. Mace ce da ba ta iya magana sai da lamba.

"Na ɗaya, ka makara da minti huɗu. Na biyu, ina mai shagon? Na uku, ƙamshin me nake ji?"

"Na ci gaba, Malama."

Aka buɗe kwali. Ainihin takardar ta ɗagu lafiya. Sauran kuwa suka fito a dunƙule, guda ɗaya, kamar bulo. Na-Gano bai ko ƙifta ba.

"Tsaro ne. Ba mai satar amsa a hanya. A kawo rula."

Malamai huɗu suka duƙufa da rula suna ɓamɓarowa ɗaya-ɗaya, kowace na fita da ƙara, ƙyat, ƙyat. Lokaci ya tafi, don haka ana ɓamɓara ana rabawa, ba mai tsayawa dubawa. Shugaba ta manta tabaraunta a ofis. Ta ɗaga takarda ɗaya daga nesa.

"Rubutun dai ya fito raɗau. Har kauri gare shi."

Na-Gano ya juyo ya kalli 'yan layinsu, ya ɗaga gira.

"Ku fara," in ji Shugaba.

Ɗakin ya yi tsit. Minti ɗaya. Sai wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, tambaya ta uku tana tafiya."

"Na ɗaya, ba a surutu. Na biyu..."

"Malama, tawa ta hau hannuna!"

"Malama, ta huɗu ta shiga cikin ta biyu!"

Kiyashi ne. Dare guda suka yi suna shiga kwalin ta tsagar bango, dangi da maƙwabta, kowanne ya sami harafinsa ya kwanta a kai yana ci. Yanzu da aka ɗaga su cikin haske, suka tashi da guzurinsu. Lissafi ya bi gefen tebur ya sauka. Wata doguwar tambaya ta rabu biyu, rabi ya nufi taga. Yara suka hau kan benci suna ihu suna kakkaɓe riga. Daga can baya wani ƙaton yaro, wanda tun da aka fara bai ɗaga kai ba, ya miƙe da baƙin harshe.

"Malama, na cinye ta biyar. A ƙaro min."

Anti Tela ta zauna a ƙasa. Alluranta suka zube, karo na farko da layin ya ji dariyarta da baki duka.

Daidai nan Yaya ta shigo, jakar tafiya har yanzu a kafaɗa. Daga tasha ta wuce shago, ƙamshin ƙonannen sukari ya tare ta tun daga kwana. Ta sa an ɓalle kwaɗo. Bayanta Mai Gyara ne, rungume da wani abu a baƙin ƙyalle, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da gawa.

"Ya... rasu," ya ce da kowa da kowa. "Hita ma... alewa ce a ciki... har wuya."

Yaya ba ta kalli ƙaninta ba tukuna. Wurin Shugaba ta nufa.

"Malama, ki ba ni awa biyu. Don Allah. Shekara tara..."

"Na ɗaya, awa biyu da wane inji? Na biyu, ki dubi ɗakin nan." Shugaba ta kakkaɓe wani kiyashi daga wuyanta, ta miƙa wa wani malami ainihin takardar. "Na uku, kai wa mai gilashi. Ka ce masa daga yau."

Ba ta ƙara na huɗu ba. Malamin ya fita da gudu. Yaya ta bi takardar da ido har ta ɓace a ƙofa, sannan ta juyo a hankali.

"Ka taɓa duram."

"Ni? Yaya, wallahi ko kallon banza ban..."

"Horo ya ba shi," in ji Anti Tela daga ƙasa. "Ƙirga ɗari biyar."

"Anti, ke da baƙin yadi ai ba a karɓar shaidarki."

Yaya ta sunkuya ta ɗauki takarda ɗaya daga ƙasa. Kiyashi sun tafi da rubutun kaf, ba abin da ya saura sai farin shatin hannu, sau uku. Ta kamo hannun Na-Gano na dama ta ɗora a kan na tsakiya. Babban yatsa ya zauna a gurbinsa. Ƙaramin ya zauna. Manuniyar nan mai kama da ƙugiya ta kwanta cikin karkataccen shatinta kamar don ita aka ɗinka.

Yara ɗari uku suka leƙo daga kan benci.

"Na ce maka zai faɗa min," in ji Yaya. "Sau ɗari tara ya faɗa." Ta ɗaga karkataccen yatsan ta duba, ta sake shi. "Wannan an riga ni karyawa. Makulli."

"Yaya, kin fa ɓalle kwaɗon, makullin ba shi da..."

"Makulli!"

Ya laluba aljihun kwat ya ciro. Ya manne masa a tafin hannu, sai da ta ɓamɓare shi, ƙyat. Ta jefa a jaka. Muryarta ta sauko ƙasa, abin da ya fi ihunta ban tsoro.

"Aikin shekara tara. Injina. Yadin mutane. Duk a wuni ɗaya. Ka buɗe bakin nan naka ka faɗa min abu guda, guda ɗaya tak, da za ka ce."

Na-Gano ya kalli jerin kiyashin da ke ficewa ta ƙarƙashin ƙofa, ya kalli yaron nan da ke lasar takarda ta biyu. Ya shafa haɓa. Idonsa ya fara rufewa. Mai Guga ya ja da baya taku biyu.

"Yaya," ya ce, "a Lamba Uku, barkono kawai za a ƙara."